Ana rufe matatun mai a Turai da Amurka: shin lokacin tara kaya ya yi?

Wani ɗan kasuwa mai sarin man dizal ya aiko da tambaya cewa ya ji ana ta rufe matatun mai a Turai da Amurka, don haka yana tunanin cin bashi ya cika tankunansa kafin farashi ya yi tashin gwauron zabo.

Malam, labarin da ka ji gaskiya ne. A shekarar 2025, kamfanin LyondellBasell ya rufe matatarsa ta Houston mai tace ganga sama da 260,000 a kullum, matatar Grangemouth da ke Scotland ta daina tace ɗanyen mai a watan Afrilu, sannan Phillips 66 ya dakatar da tasa ta Los Angeles a ƙarshen shekarar. Galibinsu tsofaffi ne waɗanda kuɗin gyara da na bin dokokin muhalli suka yi musu nauyi, ga shi kuma buƙatar fetur a ƙasashensu ba ta ƙaruwa kamar da. Sai dai a 'yan shekarun nan an buɗe matatar Al-Zour ta Kuwait mai ƙarfin tace ganga 615,000 a kullum, da ta Dangote mai 650,000, kuma kowace ɗaya daga cikinsu ta fi waɗancan ukun ko da an haɗa su wuri ɗaya. Aikin tacewa ƙaura yake yi daga wannan yanki zuwa wancan.

Kuɗin litar da kake saya yana da tushe biyu, wato farashin ɗanyen mai da kuma tazarar da ke tsakaninsa da na tataccen mai, wadda ita ce ribar matata. Rufe matata ba ya rage ɗanyen mai ko ganga ɗaya, tazarar nan kawai yake faɗaɗawa. An ga haka a 2022, bayan Amurka ta rasa ƙarfin tace kusan ganga miliyan ɗaya a kullum a zamanin annobar korona, sai buƙata ta dawo, yaƙin Rasha da Ukraine kuma ya ɓarke, har galan ɗin fetur ya haura dala 5 a can a watan Yuni. Abubuwa uku ne suka haɗu a lokaci guda, kuma zuwa 2024 tazarar ta sauko sosai.

Akwai wani abin da masu gaggawar tara kaya kan manta. Kamfanoni kan sanar da rufe matata tun da wuri, misali Phillips 66 ya bayyana nasa shirin a Oktoban 2024, wato kusan shekara guda kafin aiwatarwa, don haka kafin labarin ya iso kunnenka manyan dillalai sun riga sun saka shi cikin farashi. Abin da ke girgiza kasuwa shi ne rufewar ba-zata, irin gobarar da ta tashi a matatar Philadelphia a 2019.

A ganina, babban haɗarin yana cikin nisan tafiya. Tun da Tarayyar Turai ta hana shigo da tataccen man Rasha a Fabrairun 2023, ta koma dogaro da dizal daga Gabas ta Tsakiya da Indiya da Amurka, kuma lokacin da hare-hare a Bahar Maliya suka tilasta wa jiragen dako zagaye Afirka, kwanakin tafiya da kuɗin dako duk sun ƙaru. Irin wannan kasuwa takan hau da sauri ta kuma sauko da sauri, kuma mai bashi a wuya ba ya iya jiran ta sake hawa.

Shawarata ita ce kada ka ci bashi don wannan labari. Ka ajiye abin da zai ishi abokan cinikinka na 'yan makonni daga jarinka, domin dizal kan lalace idan ya daɗe a tanki, kuɗin ruwa kuma ba ya tsayawa. Ka nemi mai ba ka kaya fiye da ɗaya, sannan ka riƙa duba tazarar dizal da ɗanyen mai tare da rahoton ajiyar mai da EIA, hukumar bayanan makamashi ta Amurka, ke fitarwa kowane mako; idan ajiya tana raguwa tazarar kuma tana faɗaɗa makonni a jere, to a lokacin ne ƙara saye yake da hujja.