Kulob ɗin mutum-mutumi a makaranta: me za a saya, me zai jira?

Tambayoyin wannan makon duk sun taru a kan abu ɗaya, wato kulob ɗin haɗa mutum-mutumi mai aiki da lantarki (robot) a makarantun sakandare. Na zaɓi guda biyar, na taƙaita su.

"Ni malamar kimiyya ce. Shugaban makarantarmu ya amince mu buɗe kulob, an ware mana ɗan kuɗi, ba mai yawa ba. Ɗalibai 24 suka rubuta suna. Wani ya ce in zuba kuɗin duka a kan cikakken akwati guda irin na gasa, wani ya ce in sayi ƙananan kaya da yawa. Wanne zan bi?"

Malama, kafin ki lissafa kuɗi, fara lissafa hannuwa. Mutum-mutumi guda, ko da babba ne, yara uku ko huɗu kaɗai ke iya durƙusawa a kansa lokaci guda: ɗaya na ɗaure noti, ɗaya na riƙe waya, ɗaya na gaban kwamfuta. Sauran ashirin sun zama 'yan kallo, ɗan kallo kuwa ba ya daɗewa a kulob. Zai zo sau biyu, ya zo na uku don kunya, daga nan sai ki riƙa haɗuwa da shi a baranda yana sunkuyar da kai. Don haka a shekarar farko ni dai ina bayan ƙananan kaya da yawa. Ki raba yaran rukuni shida ko takwas, kowane rukuni da motarsa mai taya biyu, ko da jikinta kwali ne ko falle-fallen katako.

Allon da zai zama ƙwaƙwalwar motar, biyu ne zan ambata. Na farko Arduino Uno. Aikin Arduino ya faro ne a garin Ivrea na Italiya a 2005, don ɗaliban zane-zane da ba su karanci lantarki ba, kuma har yau ana ganin wannan asalin a sauƙinsa. Uno na da ƙafafu (wuraren da ake soka waya) 14 na kunnawa da kashewa, da wasu 6 na karanta awo, yana aiki da lantarki mai ƙarfin bolt 5. Tsarinsa a buɗe yake ga kowa, shi ya sa kamfanoni da yawa ke ƙera irinsa da araha. Na biyu micro:bit, wanda BBC ta raba wa ɗalibai a Birtaniya a 2016. Shi yana zuwa da ƙananan fitilu 25 a fuskarsa, da maɓalli biyu, da na'urar jin motsi, da rediyon da yake magana da ɗan'uwansa. Yaro zai iya ja da ajiye tubalan umarni a kwamfuta ya ga sunansa na gudu a fitilun tun ranar farko, bai liƙa waya ko ɗaya ba. Idan yaranki ƙanana ne, ko ke ma kanki sabuwar hannu ce, micro:bit zai rage miki ciwon kai. Idan manya ne kuma kina so su san lantarki ciki da bai, Arduino.

Ga abin da masu sayarwa ba sa faɗa. Kada ki kashe kuɗin duka ranar farko. Ki ajiye wani kaso mai ɗan kauri don abin da zai ƙone, domin wani abu sai ya ƙone. Wani yaro zai juya wayar batir, ja a gurbin baƙi, ki ji ƙauri, ki ga siririn hayaƙi, ajin ya yi tsit kowa na kallonki. Idan da wani allon a aljihun tebur, sai ki ce "to, me ya faru?", darasi ya fara ke nan. Idan kuwa shi kaɗai ne, kuma shi ya cinye kuɗin shekara, ba ki san lokacin da za ki ɗaga murya ba, daga ranar kuma babu yaron da zai sake taɓa waya sai ya nemi izini.

Akwatin gasa yana da ranarsa, amma dokar gasa ce ke zaɓa miki shi. Gasar VEX da kayan VEX ake shigarta. Gasar FIRST Tech Challenge kuma tana da jerin injina da batir da na'urar sarrafawa da ta yarda da su, abin da ba ya cikin jerin kuwa alƙalan duba kaya za su sa a cire. Kowace kaka kuma sabon wasa ake fitarwa. Sai kin san wacce gasa ce ke kusa da ku, kin karanta littafin dokokinta na shekarar, sannan ki saya. Kuma idan aka kawo miki tsohon akwatin LEGO Mindstorms, ki sani kamfanin ya daina yin sa tun ƙarshen 2022. Kyauta ce, ki karɓa da hannu biyu. Saye ne, ki yi tunanin inda za ki samo injin idan ɗaya ya mutu.

"Ɗana yana kulob ɗin makarantarsu, ya matsa mini in saya masa Raspberry Pi. Ban san kan abin ba. Shi ne ya dace?"

Malam, ka tambaye shi tambaya ɗaya: me zai yi da shi? Raspberry Pi, wanda ya fito a 2012, cikakkiyar kwamfuta ce mai girman tafin hannu. Ba ta zuwa ita kaɗai: tana son katin ajiya, da caja mai ƙarfi, da allon kallo ko wata kwamfutar da za a shige ta da ita. Idan ya ce yana so motarsa ta gane fuska ko launi da kyamara, to ya san abin da yake nema, ka saya masa. Idan ya ce yana so ta bi baƙin layi ko ta kauce wa bango, Arduino ya ishe shi har da saura. Ka kuma ja masa kunne: ƙafafun Raspberry Pi bolt 3.3 suke ɗauka, na'urori da yawa da ake haɗawa da Arduino kuwa bolt 5 suke turowa. Ya haɗa kai tsaye, yana iya kashe allon.

Da ni ne, da mitar auna lantarki zan fara saya masa, da ƙarfen narka dalma, da filaya, da sukudireba ƙanana, da tabarau na kare ido. Allo yana tsufa, ana fitar da sabo. Waɗannan kuwa har ya gama makaranta suna hannunsa.

"Motarmu tana aiki lafiya idan tana haɗe da kwamfuta an ɗaga tayoyinta sama. Da mun cire waya mun ajiye ta ƙasa, sai ta yi zillo ta tsaya, ta sake farawa daga farko. Abokaina sun ce allon ne ya lalace, mu sayi sabo."

Ƙanena, kada ku sayi komai tukuna. Allonku lafiyarsa lau, yunwa yake ji. Zan iya rantsewa batir ɗin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9 kuka sa, kuma shi kaɗai ke ciyar da allon da injinan tayoyi. Wannan batir an yi shi ne don abubuwan da ke tsotsar wuta kaɗan-kaɗan. Inji kuwa, a daidai lokacin da zai tashi daga tsaye da nauyi a kansa, yana zuƙar wuta ninkin abin da yake ci idan ya riga ya ɗauki gudu. Sai ƙarfin batir ya faɗi na ɗan ƙiftawar ido, ƙwaƙwalwar ta ɗauke, ta dawo, ta sake karanta umarni daga layin farko, ta sake tayar da injin, wuta ta sake faɗi. Zillon da kuke gani ke nan. Da tana haɗe da kwamfuta, kwamfutar ce ke riƙe da allon, tayoyin kuma iska suke juyawa.

Ku gwada da idonku. Ku ɗora mita a kan batir, ɗaya ya zuba wa lambobin ido, wani ya ajiye motar ƙasa. Za ku ga lambar ta nutse daidai lokacin da ta yi zillon.

Maganin: injina su samu nasu batir, misali jerin batura masu caji irin NiMH, kowanne bolt 1.2, allon kuma ya samu nasa, amma ku haɗa baƙaƙen wayoyin ɓangarorin biyu wuri guda. Wannan haɗin ne aka fi mantawa, in babu shi kuma umarni ba ya isa. Kada ku taɓa ɗaura inji kai tsaye a ƙafar Arduino, domin miliamfiya 20 ake so ta bayar, ƙaramin inji ma ya fi ƙarfin haka nesa ba kusa ba. Dole a sa allon tuƙa inji a tsakani. Wanda ya fi yawa a akwatunan koyo shi ne L298N, yana aiki, sai dai yana cinye kusan bolt 2 a hanya ya mayar da shi zafi, shi ya sa yake ɗauke da ƙaton ƙarfen sanyaya a bayansa. Ga ƙananan injina, TB6612FNG ya fi shi tattalin wuta.

Za ku ji ana yabon batirin LiPo, kuma gaskiya yana da ƙarfi ga rashin nauyi. Amma yana da sharaɗi: kowane ɗaki nasa, wato kowane ƙwayar batir da ke cikinsa, bolt 4.2 ne cikarsa, ba a barinsa ya sauka ƙasa da 3, cajarsa daban ce, ba a tafiya a bar shi yana caji, wanda ya kumbura kuma ya gama aiki. Yana iya kamawa da wuta. Idan babu malamin da zai ɗauki nauyin kula da shi, ku tsaya a NiMH.

"Wani mai son makarantarmu ya ce mu faɗi abu ɗaya zai saya wa kulob. Yara sun ce firintar 3D."

Yara kullum ita za su ce. Na'ura ce mai ƙera kaya da roba daga zanen kwamfuta, tana da amfani idan akwai wanda ya iya zana kayan a kwamfuta da wanda zai jure gyaranta in bakinta ya toshe. In babu, makullai da 'yan tsana za ta yi ta bugawa wata biyu, sannan a lulluɓe ta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ku kuma sani robar PLA da aka fi bugawa da ita tana fara laushi a wajen digiri 60 na ma'aunin Selshiyas, don haka hannun mutum-mutumin da aka bari a rufaffiyar mota cikin rana yana iya fitowa a lanƙwashe. Idan kulob ba shi da kwamfutocin tafi-da-gidanka da suka isa kowane rukuni, ko kabad mai makulli, ko akwatunan rarraba noti da wayoyi, a nan zan roƙi alherin.

"Ina aji biyar, wata huɗu ke nan ina kulob. Yara uku ne ke haɗa komai, ni kuma kullum sai a ce in riƙe littafi ina rubuta abin da aka yi. Ina tunanin in tara kuɗi in sayi kayana in koma gida in riƙa yi ni kaɗai."

Ƙanwata, ki sayi ƙaramin akwati idan da hali, ki riƙa gwaji a gida, wannan ba laifi. Amma kada ki bar musu kulob ɗin. Abin da ke faruwa da ke shi ne ciwon kusan kowane kulob: waɗanda suka fara iyawa su ake ba aiki saboda sun fi sauri, da haka suke ƙara iyawa, sauran kuma suna nan inda suke. Ranar da ukun nan suka gama makaranta, a wayi gari babu wanda ya san yadda ake kunna abin.

Ki je wurin malamin da ke kula da ku da shawara a hannu, kada ki je da ƙorafi kawai. A riƙa juya aiki: mai littafi wannan makon shi ne mai sukudireba mako mai zuwa. Wanda ya iya kuma a sa masa doka, idan yana koya wa sabo, hannunsa a baya, da baki zai yi bayani. Da wuya, na sani. Na taɓa tsayawa ina kallon yarinya tana neman ramin noti kusan minti biyar, yatsuna na ƙaiƙayi, ramin kuwa yana ƙarƙashin babban yatsanta.

Littafin nan ma kada ki raina shi. A gasar VEX da ta FIRST, alƙalai na duba rubutun aikin ƙungiya, suna kuma zama da ɗalibai su yi musu tambayoyi: me ya sa kuka canza wannan hannun, me kuka gwada ya ƙi? Wanda ya rubuta shi ke da amsa. FIRST, ƙungiyar da ke shirya gasar, wadda Dean Kamen ya kafa a Amurka a 1989, babbar lambar yabonta a gasar manyan mutum-mutumi ba ta wanda ya fi cin maki a fili ba ce, ta ƙungiyar da ta fi yi wa jama'arta tasiri ce: zuwa makarantun firamare a nuna wa yara, taimaka wa wata makaranta ta kafa nata kulob, da makamantansu. Tsarin wasan ma haka yake. Ƙungiyoyi ake haɗawa ƙawance, bibbiyu a FIRST Tech Challenge, uku-uku a ta manya, kuma wanda kuka kara da shi da safe yana iya zama abokin ƙawancenku da rana. Shi ya sa a wurin gyara za ki ga ana yawo ana neman aron sifana, abokin hamayya na miƙa wa wani injin da ya ajiye don ko-ta-kwana.

Ga abin da za ki nema a ba ki tun yanzu: ɓangaren da motar ke tafiya da kanta. A FIRST Tech Challenge, daƙiƙa 30 na farkon wasa babu mai taɓa abin tuƙi, umarnin da aka rubuta ne kaɗai ke aiki, sannan a ba direbobi minti 2. Ƙungiyoyi da dama suna barin wannan ɓangaren sai daren gasa, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Aiki ne na awo da maimaitawa: ki manna tef a ƙasa, ki sake ta sau goma daga wuri ɗaya, ki rubuta inda ta tsaya kowane karo, ki lura yadda take gajartawa idan batir ya fara sauka. Littafin yana hannunki, kuma na tabbata cikin ukun nan babu wanda ya nemi wannan aikin.