Ziyarar ɗan'uwa a gidan yari: me ake shiga da shi, me ake bari a ƙofa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙanena yana tsare a gidan yarin Kurmawa, ana jiran shari'arsa. Ina so in kai masa abinci da ɗan kuɗi, amma an ce mini ba komai ake bari a shiga da shi ba. Yaya zan yi? Daga wata mai karatu a Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah Ya fitar da shi lafiya. Da yake ƙanenki jiran shari'a yake yi, yana da sassaucin da wanda aka riga aka yanke wa hukunci ba shi da shi: ana iya kawo masa abinci daga gida, yana kuma iya sa kayansa na gida. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda ake kira Ƙa'idojin Nelson Mandela, sun tanadi haka. Ranakun ziyara da lokutanta sun bambanta daga wannan gidan yari zuwa wancan, don haka ki fara tambaya a ofishin walwalar fursunoni kafin ki ɗora tukunya.

Ki tafi da katin shaida, na ɗan ƙasa ko na zaɓe. Za a rubuta sunanki, da sunan wanda kika zo gani, da dangantakarku. Wayarki a ƙofa za ta tsaya, kuma gandiroba mace ce za ta caje ki.

Abinci dafaffe ki zuba shi a roba ko leda mai bayyana abin da ke ciki. Kwanon ƙarfe, cokalin ƙarfe, kwalba da abincin gwangwani duk a ƙofa ake tare su, saboda murfin gwangwani ko fasasshiyar kwalba makami ne a ɗakin da mutane suka cunkushe. Za a sa ki ɗanɗana abincin a gabansu, a tsaga burodi, a juya tuwo da miya ana neman abin da aka cusa. Kada ki ji haushi, kowa ake yi wa. Mu dai shawararmu ki fi ba da ƙarfi ga abin da ba ya lalacewa da wuri: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, suga, madarar gari a leda. Shinkafa da miya kwana ɗaya ce ta yi tsami a zafin Kano, garin kuwa zai kai shi mako. Ki haɗa da sabulun wanka da na wanki, man shafawa a roba, buroshi da silifas. Sabulu ya fi nama amfani a can, domin cunkoso yana kawo ƙazuwa da ƙuraje.

Kuɗi ne inda mutane suka fi yin kuskure. Bisa ƙa'ida fursuna ba ya riƙe tsabar kuɗi a ɗaki. Ana miƙa su a ofis, a rubuta adadin a littafi da sunansa, ya riƙa cira kaɗan-kaɗan don buƙatunsa. Ki tsaya a rubuta a gabanki, ki gaya masa adadin da bakinki lokacin ganawa. Kuɗin da aka dunƙule aka miƙa a ɓoye, in an kama su a bincike ƙwacewa za a yi, in ba a kama ba manyan ɗaki su raba shi da su, kuma babu inda zai kai kuka tunda babu su a rubuce. Kaɗan a kai a kai ya fi mai yawa a tashi ɗaya.

TAMBAYA: Mahaifinmu yana da hawan jini da ciwon suga, an yanke masa shekara biyu. Za mu iya kai masa magungunansa da ƙaramar waya don mu riƙa jin lafiyarsa? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Magani e, waya a'a. Ku kai maganin a cikin kwalinsa na asali, da takardar likita mai nuna sunan majinyaci da yadda ake sha. Ba hannunsa za a ba shi ba, ma'aikatan asibitin gidan ne za su karɓa su riƙa ba shi a kan lokaci. Ƙwayoyin da aka zuba a farar leda ba suna, da jiƙe-jiƙen gargajiya a gora, da wuya su wuce ƙofa, don ba yadda za a bambanta su da kayan maye. Ku riƙa lissafin ranar da maganin zai ƙare ku kawo wani kafin nan.

Waya, layi, caja, reza, ashana da taba duk haramtattu ne. Shigar da su laifi ne a ƙarƙashin dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019, kuma mai ziyara ma ana iya gurfanar da shi. Shi kuma Baba zai iya rasa ziyara, ko rangwamen kwanakin da ake yi wa mai kyakkyawan hali. Ku nemi ofishin walwala su gaya muku halastacciyar hanyar aika masa saƙo.

TAMBAYA: Wani ya ce in ba shi kuɗi zai biya tarar ɗana a sake shi, kuma wai sai na ba da na goro a ƙofa kafin in gan shi. Haka ne? Daga wata uwa a Gusau.

AMSA: Hajiya, ziyara kyauta ce. Wanda ya nemi kuɗi a ƙofa, ki nemi ganin jami'in da ke shugabantar gidan. Tara kuma a kotun da ta yanke hukuncin ake biya, a ba ki rasit, kotun ta aika wa gidan yari takardar saki. Ki je wajen rajistaran kotun da kanki da lambar shari'ar. Idan ba ki da halin ɗaukar lauya, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Najeriya tana taimaka wa marasa ƙarfi kyauta.