Maigida ya ce in shirya lissafi iri biyu, na banki daban na haraji daban

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni akanta ne a wani kamfanin jigilar kaya a Legas. Tirelolinmu suna lodi a Apapa su haura Arewa, ma'aikata kusan arba'in. Mai kamfanin aminin mahaifina ne, shi ya biya mini kuɗin jarrabawar ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, har na gama. Yanzu yana neman rancen banki don ƙaro motoci, ya ce in shirya lissafi mai nuna riba mai kauri a kai wa banki, wanda za a kai wa masu haraji kuma ya nuna da ƙyar muka fita. Ga shi watanni ke nan ana cire kuɗin fansho daga albashin direbobi ba a turawa, cefanen gidansa da kuɗin makarantar yara kuma daga asusun kamfani suke fita. Ya ce kowa haka yake yi a Ikko. Ina jin nauyinsa ƙwarai. Yaya zan yi? Daga wani mai karatu a Agege.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Abubuwa uku ka haɗa, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Cefane daga asusun kamfani shi ne mai sauƙin gyara. Alhaji, wato maigidanka, da guminsa ya gina wurin, shi ya sa yake ganin aljihunsa da asusun duk ɗaya ne. Amma a dokar kamfanoni ta CAMA, wadda aka sabunta a 2020, tun ranar da aka yi rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kamfanin ya tsaya da ƙafarsa, dukiyarsa daban, bashinsa daban. A yanka wa Alhaji albashi a matsayinsa na darakta, in shekara ta ƙare a raba riba ya ɗauki rabonsa. Abin da ya riga ya ɗiba ka rubuta shi da sunansa yadda ya fita. Kada ka ɓoye kuɗin makaranta a ƙarƙashin gyaran mota ko man dizal.

Lissafi iri biyu kuwa ba shi da gyara. Kada ka yi. Kuɗin da banki zai bayar ajiyar mutane ce, ta mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 da ɗan canji da malamin makaranta, kuma bankin zai fitar da su ne bisa abin da ka rubuta. Ko ta fuskar dabara ma abin ba ya ɓoyuwa. Ma'aikacin banki zai nemi bayanan shige da ficen asusunku, ya nemi takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna cinikin kamfani da ribar da aka ɗora wa haraji na shekaru uku. Lissafin nan biyu da aka so kada su haɗu, a kan teburinsa za su haɗu.

Maganar "kowa haka yake yi" manya ma sun gwada ta. A 2006 aka gano kamfanin Cadbury da ke Ikeja ya shafe shekaru yana kumbura lissafinsa, abin da ya kai wajen naira biliyan 13. Manyan jami'ai sun rasa kujerunsu, a 2008 kuma hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta hukunta kamfanin har da oditocin waje, wato masu binciken lissafi, da suka sa hannu. A Amurka, faɗuwar kamfanin makamashi na Enron a 2001 ta tafi da kamfanin odita na Arthur Andersen gaba ɗaya, alhali yana cikin manya biyar na duniya. Ka lura da inda kai ka tsaya a irin wannan: Alhaji da baki ya ba ka umarni, kai da hannu za ka rubuta. Ranar da rance ya ƙi biyuwa aka gayyace ku ofishin EFCC da ke titin Awolowo a Ikoyi, maganarsa ta bi iska, sa hannunka yana nan a takarda. ICAN kuma tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa, suna iya soke sunanka daga rajista. Ƙa'idar aikinmu ta hana akanta ya bari a danganta shi da bayanin da ya san ƙarya ne ko mai ɓatar da mai karantawa, kuma ta ambaci kusanci da tsoron maigida cikin abubuwan da ke karkatar da alƙalamin akanta. Nauyin da kake ji na halak ne, sai dai bai zama uzuri ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne wanda ka ambata a gurguje, wato fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, kamfani ya ɗora kashi 10, a tura asusun fanshon ma'aikacin cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. Wanda ya yi jinkiri akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na kuɗin ba a kowane wata. Mu ƙaddara albashin kowa naira 100,000 ne: 18,000 ke nan a kan mutum ɗaya, 720,000 a kan mutum arba'in duk wata. Wannan ba kuɗin Alhaji ba ne ko sisi. Na direban nan ne da ke kwana a layin shiga tashar jirgin ruwa, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tirela a zangon Ogere da ke hanyar Ibadan, ya duba takardar albashinsa ya ga an cire, ya ɗauka ana tara masa. Bai san komai ba sai ranar da ƙarfi ya ƙare, ko ranar da iyalinsa suka je karɓar haƙƙinsa aka ce asusun fanko ne. Kai kaɗai ne a kamfanin ka san gaskiyar adadin. Ana yawan ɗaukar alhakin kamfani a kan al'umma a matsayin rabon shinkafa da azumi ko haƙa rijiyar burtsatse a unguwa. Duk alheri ne, amma haƙƙin wanda ke riƙe da sitiyari yana gaba da su. Haka harajin albashi da kuke cirewa, LIRS, hukumar haraji ta jihar Legas, na jiransa kafin 10 ga watan da ke biye.

To yaya za ka tunkare shi? Kada ka yi a ofis a gaban yaran shago da direbobi. Same shi a gida bayan Isha'i, ka je da takarda ɗaya mai ainihin lissafi. Ka ce, "Baba, kai ka tsaya mini na samu wannan takardar shaida. In na sa hannu a wannan, ita za a fara ƙwacewa, motocinka su biyo baya." Alhaji ya san ayar bashi ta Suratul Baƙara, wadda ta umarci marubuci ya rubuta da adalci. Tuna masa cikin ladabi.

Kada kuma ka je da "a'a" kaɗai. In haraji ne ya yi masa yawa, doka ta ba da rangwame a kan kuɗin sayen tireloli, kuma tayoyi da gyara da kuɗin hanya duk ana cire su daga riba in akwai rasit. Kamfanonin jigila da yawa suna biyan fiye da ƙima saboda kanikawa ba sa ba da rasit, ba a kuma bin shaidar harajin da abokan ciniki suka cire tun daga tushe. In lissafin gaskiya ba zai ɗauki rancen mota goma ba, a nemi na uku, ko a tambayi bankunan Musulunci irin Jaiz ko TAJ tsarin murabaha (su sayi motar su sayar muku da riba sananniya) ko ijara (su ba ku haya). Ka kawo masa jadawalin biyan bashin fansho kaɗan-kaɗan, a fara da wannan watan. Ka kuma ba shi shawarar duk kuɗin da zai fita ya zama da sa hannun mutum biyu.

Bayan zaman, ka rubuta masa abin da kuka tattauna, da kwanan wata, ka ajiye kwafi. In ya dage, ka sanar da sauran daraktoci in akwai, da oditan waje. Mahaifinka zai iya sa baki a matsayin amini, amma ka gaya masa an nemi ka sa hannu a abin da zai cutar da kai kawai, ban da lambobin kamfani, don riƙe sirri ma wajibinka ne. Saboda haka babu ɗaukar hoton takardu a watsa a WhatsApp. Ka nemi shawarar lauya ko wani babba a ICAN kafin ka kai magana waje.

In duk an bi wannan bai sauya ba, ka ajiye aikin cikin mutunci, ka ci gaba da gaishe shi. A takardar miƙa aiki ka rubuta adadin fanshon da ba a tura ba, wata-wata, da sunan kowane ma'aikaci a gaban kuɗinsa.