Mesar da Ta Cinye Min Sati Uku

Jiya bayan la'asar ka tare ni a bakin shago kana cewa, "Oga, dokin da na ƙera a kwamfuta da manhajar Blender na ɗora shi a kan hoton da muka ɗauko, amma yawo yake kamar an manna shi da gam, ina matsalar take?" Na yi maka shiru. Yanzu ma ba don tambayar ta burge ni zan amsa ba, tsohon miki ta fama min.

Aikin cire koren ƙyallen da ake ɗaukar ɗan wasa a gabansa don a sauya bayan hoto, da na sa manhaja ta bi motsin kyamara, ba zan ɓata yawuna a kansu ba. Wanda ya yi wata shida a shagon nan bai iya su ba, gara ya koma Kantin Kwari ya taya yayansa auna shadda.

Lokacin da kowa a Zoo Road yake rububin kyamarar Canon 5D, wani furodusa ya shigo min. Ba zan kama suna ba, yana nan da ransa. Mesa yake so ta fito daga rijiya ta nannaɗe ƙafar jarumi. Sun riga sun gama ɗauka a wani ƙauye ta wajen Tiga, ba wanda ya neme ni. Kuma na san ƙa'ida sarai: mai irin aikinmu na haɗa abin da aka ƙera a kwamfuta da hoton fim shi ma ɗan lokeshin ne. Zai auna nisan kyamara da rijiyar, ya rubuta lambar lens, ya manna alamomi a ƙasa, ya ɗauki wurin babu kowa a ciki, ya duba ta ina rana ta faɗo. Amma a lokacin suna nake nema, ga mai shago yana min sintiri kan kuɗin haya. Na ce a kawo. Ko kafin alƙalami ban karɓa ba, don ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba, ni da kai ai duk ɗaya ne."

Da na buɗe hotunan sai da na yi salati. Mai kyamara a hannu ya riƙe ta, yana tafe yana zuƙo hoto a tsakiyar ɗauka. Ita kuwa 5D layi-layi take karanta hoto daga sama zuwa ƙasa, in aka juya ta da sauri sai bakin rijiya ya lanƙwashe kamar karan dawa a iska. Manhajar bin motsin kyamara ta ƙi kama komai. Sannan rabin hotunan da safe aka ɗauka cikin hazon hunturu, rabin kuma washegari da rana tsaka bayan gari ya washe. A nan inuwa da ƙyar ake ganinta, a can ga ta baƙa ƙirin a ƙarƙashin ƙafa. Wai duk fitowa ɗaya ce.

Sakan 14 ne kacal. Lissafa da firem, wato hoto ɗai-ɗai, 25 a kowane sakan, 350 ke nan, kuma ɗaya bayan ɗaya na bi su da hannu. Sati uku. Wuta babu, inji ne dare da rana, man kuma daga aljihuna. Wani dare inji ya mutu renda, wato fitar da aikin da kwamfuta take yi, ta kusa ƙarewa, komai ya tafi, don a bidiyo guda na saita ta. Tun daga ranar firem-firem nake fitarwa, in wuta ta ɗauke in ɗora daga inda ta tsaya.

A kan mesar nan na gane abin da ke sa abu yawo. Baƙinta ya fi duk wani baƙi da ke cikin hoton, alhali hazo ba ya barin komai ya yi baƙi sosai, har gashin kan jarumi toka-toka yake. Sai da na dusashe ta. Na sa siririyar inuwa daidai inda cikinta ya taɓa ƙasa, na ƙara ƙura kaɗan inda take jan jiki. Na ba ta dishi-dishin motsi irin na kyamarar da aka saita ta ɗauki kowane firem cikin 1/50 na sakan, domin komai a hoton yana ɗan gogewa in ya motsa, ita kaɗai ce tar. A ƙarshe na yayyafa mata irin tsakin da ke jikin hoton asali. Wallahi da na kunna, ni da na ƙera ta sai da tsigar jikina ta tashi.

Mutumin ya zo da abokansa uku. Suka kalla, ya taɓe baki ya ce wannan ai katun ɗin yara ne, ba zai biya ba, amma in ba shi kwafi ya nuna wa darakta ko za a gyara. Na ba shi, tas, ko tambari ban ɗora a kai ba. Bayan wata biyu ina wucewa ta Ƙofar Wambai sai ga mesata a jikin fasta, ta cika rabin takarda. Na sayi faifan da kuɗina, na zauna har sunaye suka gama wucewa. Har mai dafa abinci an sa, ban da ni. Na kai ƙara wajen manya, aka ce in yi haƙuri in bar wa Allah. Na bar masa, amma ban manta ba. Har yau in mun haɗu a ɗaurin aure shi yake fara miƙo min hannu yana washe baki.

To, dokinka. Na leƙa kwamfutarka bayan ka tafi. Inuwar mutumin da ke tsaye ta yi hagu, ta dokin ta yi dama, kai rana biyu ce a garinku? Kofatonsa ma bai taɓa ƙasa ba. Ku yaran yanzu kun ɗauka aikin nan sauke kayan da wani ya gama ne daga intanet, a danna, a watsa a TikTok kafin magariba. Ba wanda zai iya tsayawa minti goma yana kallon yadda inuwar Adaidaita Sahu take kwanciya a kwalta.

Gobe ka same ni da tef ɗin awo da littafi, mu koma Filin Sukuwa daidai lokacin da kuka yi ɗaukar. Wayarka kuma ta zauna a aljihu.