Amsa kan maganar man Jos da man Abuja

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena, na saurari saƙonka, ka ce in ka cika akori-kurarka a wani gidan mai a Jos man ya fi auki, in ka sha a wani a Abuja kuma kafin ka iso gida tanki ya yi ƙasa, wai ko kamfanin ne. To wallahi ba na jin sunan da ke kan allo ne.

Ka ga, fetur ɗin nan gidajen mai ba su suke tace shi ba. Daga daffo tanka take ɗaukowa, ko wanda aka shigo da shi ta jirgin ruwa, ko na matatar Dangote da ke Lekki tunda ta fara fitar da fetur a Satumbar 2024. Sau da yawa tanka biyu ce daga wuri ɗaya, wannan ta juye a nan, waccan ta juye tsallaken titi. E, akwai manyan kamfanoni masu ƙara maganin wanke injin, amma wannan amfaninsa sai an daɗe, ba abin da za ka gani a tanki ɗaya ba ne.

Hanyarka za ka fara dubawa. Jos kan dutse take, wajen mita 1,200 sama da teku, Abuja ko rabin haka ba ta kai ba. Da man Jos gangara kake yi, daga Riyom ka sauka Hawan Kibo ƙafarka ma ba ta kan totur. Da man Abuja kuwa fa? Ka fara ƙona shi a cunkoson Nyanya da Mararaba, sannan ka zo ka hau Kibo da giya biyu, injin yana kuka. Ina laifin man?

Inda gidan mai yake cutar mutum da gaske wuri biyu ne. Akwai mita, ka biya kuɗin lita 40 a zuba maka abin da bai kai ba. Sai ruwa ko algus. Ni da daminar bara na sha mai a wani gida a hanya, ban yi nisa ba mota ta fara jijjiga tana cijewa. Bakanike ya tsiyayo man a gorar roba, muka ajiye a kan bonet, da idona na ga ruwa ya kwanta a ƙasa kamar tsawon gaɓar yatsa. Dankalin mutane na kasuwar Farin Gada ta Jos a bayan motar, ga hadari ya haɗo, ranar na ji ɗaci ƙwarai. Kuma ka tuna Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai sinadarin methanol da yawa, motoci suka yi ta lalacewa, bai zaɓi kamfani ba ai. Na 'yan bumburutu kuwa, don Allah ka kiyaye shi sai dole.

In kana so ka gane gaskiya, ka cika tanki har baki, ka rubuta kilomita, ka je ka dawo, ka sake cikawa a famfon nan ɗaya, ka raba kilomitar da litar da ta shiga. Ka yi haka sau uku da gidan farko, sau uku da ɗayan, lodi iri ɗaya. Amma kafin nan ka auna iskar taya da safe, ka duba fulogi da filtar iska, ƙurar hunturu tana toshe ta ba ka sani ba. In ka gama ka turo mana lissafin a nan mu gani tare.