Ko in ci gaba da karanta Gone with the Wind?

'Yar'uwa, kin ce kin fara littafin, yadda yake wulaƙanta baƙar fata ya dame ki, kina tunanin ajiye shi. Na karanta shi, kuma shawarata ki ci gaba, amma kada ki yarda da duk abin da ya gaya miki.

Margaret Mitchell ta fitar da shi a 1936. Labarin Scarlett O'Hara ne a jihar Jojiya, lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 da bayansa. Marubuciyar ta tashi ne cikin hirar tsofaffin kudancin ƙasar, ɓangaren masu riƙe bayi da aka ci da yaƙi, shi ya sa bayin littafin suke kamar masu jin daɗin bauta. Dubi Mammy, baiwar gidansu Scarlett: ita ta reni Scarlett, ita ke tamke mata ƙugu da yi mata faɗa, amma har littafin ya ƙare ba a faɗi sunanta na yanka ba. Inda raina ya fi ɓaci shi ne yadda aka mai da 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata mai kashe baƙar fata da tsorata su, masu kare mutuncin mata.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukarsa tarihi, ko a ce "ai haka zamaninsu yake". A 1935 W.E.B. Du Bois, masani baƙar fata ɗan Amurka, ya riga ya fitar da littafinsa Black Reconstruction, yana ƙaryata irin wannan labari. Ki haɗa da tarihin rayuwar Frederick Douglass na 1845, wanda ya ɗanɗani bautar da kansa.

In don jarrabawa ne, ko yara za ki ba, fara tuntuɓar malamin tarihi ko na adabi.