Tambaya da Amsa: Sai injiniya ne ke aiki a hukumar NERC?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Na karanta tattalin arziki, na gama bautar ƙasa, ina sha'awar aiki a hukumar da ke sa ido kan kamfanonin wuta, amma yayana yace wai injiniyoyi kawai suke ɗauka. Sannan akwai wani da yace in kawo kuɗi zai samo min gurbi. Dan Allah ya abin yake? Daga wata mai karatu a Katsina.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Yayanki ya haɗa abu biyu ne, kuma ba shi kaɗai ba, yawancin mutanenmu in aka ce aikin wuta sai su hango mai hawa fal waya da tsani. Wancan aikin kamfanin rarraba wuta ne, irin KEDCO da ke kula da Kano da Katsina da Jigawa. Ita NERC, wato hukumar da ke sa ido kan kamfanonin wuta da kike magana a kai, alƙaliya ce a tsakani. An kafa ta a 2005, kuma nauyinta ya ƙaru sosai tun Nuwamban 2013 da aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta guda 11 ga 'yan kasuwa, domin dole a samu mai ba su lasisi, mai yanke farashi, mai ja musu kunne in sun cuci jama'a.

To kinga yanke farashin nan aikin irinku ne. Kafin a ce naira kaza za'a biya kan yunit ɗaya sai an zauna an lissafa kuɗin iskar gas da tashoshi ke ƙonawa, da canjin dala, da hauhawar farashi, da wutar da ke ɓacewa a hanya, da wadda aka sha ba'a biya ba, sannan a duba ko abin da kamfani yace ya kashe wajen sayo taransifoma da gaske ya kashe ɗin ko kuwa a takarda kawai yake. Ki tuna Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin 'yan rukunin Band A zuwa naira 225 kan yunit ɗaya, bisa sharaɗin za'a ba su wuta aƙalla awa 20 a rana. Wani ne zai zauna da bayanan kowane layin wuta yana duba ko awa 20 ɗin ta cika, in bata cika ba a sauke layin zuwa rukunin ƙasa. Haka ma bil ɗin ƙiyasi da ake kawo wa marasa mita, akwai iyakar da hukumar ta sa, kuma a farkon 2024 ta hukunta kamfanonin 11 da kusan naira biliyan 10.5 saboda sun wuce iyakar. Masu lissafi da akantoci da lauyoyi ne ke tono irin wannan, injiniyoyi kuma suna ɓangaren ingancin layuka da kariyar rayuka.

Ni abin da ma nake so ki sa wa ido shine jihohi. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba kowace jiha damar kafa tata hukumar, Enugu da Ekiti da Ondo suka fara karɓar ragamar a 2024, wasu jihohin suka biyo baya. Sabuwar hukuma na buƙatar ma'aikata daga tushe, kuma wallahi abin na damuna in na ga yaranmu basu shirya ba, in lokacin ya zo sai an ɗauko masana daga waje. Ki kuma riƙa leƙa sanarwar NEMSA masu gwajin mita da REA masu kai wuta karkara, kar ki tsaya ƙofa ɗaya.

Shirin da zaki yi ba mai tsada bane. Ki ƙware a manhajar lissafi ta Excel sosai, ba buɗewa da rufewa ba, har ki iya gina lissafin farashi da kanki. Ki shiga shafin NERC ki sauke rahotonsu na wata uku-uku, kyauta ne, ki karanta ko da a farko zai miki nauyi. Ki karanta dokar 2023 ɗin. In da hali ki fara jarrabawar ƙwararrun akantoci ta ICAN ko ANAN, ko ki nemi aiki ko na wucin gadi ne a sashen bil ko sashen ƙorafin kwastomomi na kamfanin wuta, domin wanda ya taɓa zama gaban tsohuwa riƙe da bil ɗin dubu arba'in alhali ƙwan wuta biyu da fanka gareta, ya fi kowa sanin me ake nema a wajen mai sa ido.

Batun mai neman kuɗi kuwa, kar ki ba shi ko sisi. Gurbin aikin gwamnatin tarayya ana tallata shi ne a jaridu da shafin hukumar, kuma akwai Hukumar Raba Daidai da ke duba kason kowace jiha, don haka ki ajiye takardar shaidar ƙaramar hukumarki da ta bautar ƙasa a kusa. Guraben ba su da yawa kuma masu nema sun yi yawa, wannan gaskiya ne, amma mai sayar miki da gurbi zai ci kuɗinki ne ya kashe waya.